Tsinken Katako a Birkin Motar Golf

Daga:
Misis Ishbel Geddes,
Lamba 6, Layin Masunta,
Portlennoch.

Zuwa ga:
Mai Girma Sakatare, Mista Lachlan Strachan,
Kulob ɗin Golf na Portlennoch.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2014

Yallaɓai,

GAME DA: Gyaran da aka yi wa feda da birkin ajiya na motar golf ta Kulob, da laifin da aka ɗora wa mijina, Mista Murdo Geddes

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ofishinka, ina roƙon ka karanta wannan takarda har ƙarshenta, sannan ka gabatar da ita ga Kwamitin Gudanarwa yadda take, ba tare da an taƙaita ta ko an tausasa mata harshe ba. Ni mamba ce a ɓangaren mata tun kafin a karɓe ka a wannan Kulob, mijina kuwa a nan ya koyi riƙe sandar golf yana ɗan makaranta. Ban taɓa rubuta ƙorafi ba, ko a shekarar da aka mayar da ɗakin canza kayanmu wurin jibge kujeru. Yau na rubuta. Ina kuma so a sani tun daga farko cewa mijina bai san da wannan takarda ba, kuma da ya sani da ya hana ni.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

1. Kamar yadda ofishinka ya sani, a filinmu ba a hawa mota sai da takardar likita, mai ƙafa ya taka da ƙafarsa. Mota ɗaya tak Kulob ke da ita, 'yar farar nan mai batir. Tun da aka sauya wa Murdo ƙashin ƙugu ita ce ƙafarsa. Ya daɗe yana ƙin ta, yana cewa abin baƙi ne masu yawon shaƙatawa, sai da likita ya ce masa ya zaɓa, ko motar ko kujerar falo. Daga ranar ya riƙe ta amana. Shi ke goge mata laka bayan wasa, shi ke jona ta a caji in wani ya manta. Duk wanda ya taɓa zagaya fili da shi zai shaida cewa ba ya sauka sai ya danna saman feda ya ji ƙarar nan, ƙas, sannan ya jijjiga motar da hannu ya tabbatar. Har tsokanarsa ake yi a kan haka.

2. A farkon Satumba fedar birkin ta fara sakwarkwacewa, kuma Murdo da kansa ya kawo rahoto ofishinka. Ƙa'idar Kulob ita ce a kira bakanike daga gari. Amma Mista Fergus Pirie, shugaban kwamitin kula da fili, wanda ake shirin rataya wa jar rigar Kyaftin, wato jagoran 'yan wasan Kulob, a ƙarshen wannan wata, ya ce ba sai an dami kowa ba. Ranar Laraba, 10 ga Satumba, ya shiga rumfar kayan aiki da akwatin sifanunsa, ya fito ya sanar cewa mota ta warke. Ina girmama Mista Pirie a matsayinsa na tsohon likitan haƙori. Ni kaina ya taɓa cire mini haƙori, kuma a karo na biyu ya dace da mai ciwon. Sai dai ban san ranar da ya zama bakanike ba, ban kuma san wanda ya duba aikin bayan ya gama ba. Ina roƙon ofishinka ya gaya mini in akwai shi.

3. Ranar Asabar, 13 ga Satumba, Murdo ya fita wasa da Mista Wattie Cruden, abokinsa tun suna zama benci ɗaya a makaranta. A rami na sha huɗu, a kan tudun nan mai gangarawa zuwa rafi, Murdo ya ajiye motar, ya danna birkin, ya sauka. Wattie yana can ƙasa yana laluben ƙwallonsa cikin ƙaya, kamar yadda ya saba. Murdo ya ɗaga sanda ke nan ya hangi motar tana tafiya ba kowa a ciki. Ya kwarara ihu. Wattie ya waiwayo, ya yi tsalle gefe, ya faɗi a kan duwatsun gadar rafin, wuyan hannunsa ya karye. Motar ta wuce ta kifa cikin rafi da jakunkunan sandunan su biyun. Murdo, mutum mai shekara saba'in da takwas, mai ƙugun ƙarfe, shi ya ja jiki ya sauka gangaren nan ya tallafi kan abokinsa har aka kawo ɗauki. Da aka kawo mini shi gida ya jiƙe sharkaf, abu ɗaya yake ta maimaitawa: “Na ji ƙararsa, Ishbel. Na ji.”

4. Ranar Litinin, 22 ga Satumba, aka kira shi gaban kwamiti. Wanda ya shugabanci zaman shi ne Mista Pirie, wato mai gyaran ne ya zauna yana binciken abin da ya sami gyaransa. Ba wanda ya ga aibin haka, har da kai, Yallaɓai, da ke gefe kana rubutu. Ni ina zaune a waje, kuma ƙofar ɗakin taron ba ta rufuwa da kyau tun bara.

Na ji Mista Pirie da muryar nan tasa mai sanyi, wadda yake yi wa mutum kafin ya soka masa allura, yana cewa: “Murdo, ɗan'uwa, ba mai zarginka. Shekaru ne kawai. Ni ma jiya sai da na birkice gida ina neman tabarau, ashe yana kan hancina. Ka tabbata ka danna?” Murdo ya ce ya ji ƙarar birkin. Sai Mista Pirie ya ce: “Ka ji, ko dai ka saba ji?”

Ina so Kwamiti ya sake karanta wannan tambaya, domin da ita aka kashe mini miji a tsaye. Kun san al'adar wasan nan fiye da ni. In ƙwallonka ta motsa a cikin ciyawa, ko ba idon da ya gani, kai za ka ɗaga hannu ka ci kanka tara. Murdo ya taɓa rasa kofin Kulob a ramin ƙarshe ta wannan hanya, bai kuma taɓa nadama ba. Mutum irin wannan, in ka jefa masa shakka, ba zai yi musu ba, kansa zai tuhuma. Mista Pirie ya san haka sarai, shekara da shekaru suna wasa tare. Sai na ji mijina ya ce: “To, in ta gangara, ban danna ba ke nan. Ku rubuta a kaina.” Kuka rubuta. Kuka janye masa izinin hawa mota, wanda ma'anarsa kun kore shi daga fili ne cikin ladabi, kuka manna sanarwar a allon da ke bakin mashaya inda kowa ke tsayawa cire hula. Motar kuwa ba wanda ya ko leƙa ƙarƙashinta. Aka ja ta zuwa tsohuwar rumfar baya aka yasar.

5. Ba al'adata ba ce in buɗe cikin gidana ga kwamiti, amma tunda ku kuka shigo da abin, sai ku ji inda ya kai. Murdo ya miƙa mini makullin motarmu ta gida, ya ce kada in sake ba shi ko ya roƙa. Ya daina kai jikarmu makaranta. In ya kashe murhu sai ya kira ni in zo in duba. In ya kulle ƙofa sai ya koma ya taɓa, ya dawo, ya sake komawa. Ya ajiye aikin karanta sanarwa a coci, wai kada ya tsallake sunan wani mamaci. Wattie, Allah ya saka masa, yana zuwa da hannunsa a ɗaure ya zauna yana zolayarsa: “Kai tsoho, da ka so kashe ni ai da ka bari na gama ramin, ina gabanka da maki biyu!” Da can Murdo zai rama har sai Wattie ya nemi hanyar gudu. Yanzu kallon hannun kawai yake yi, ya tashi ya shige ɗaki. Shi da kansa ya je ya nemi a gwada ƙwaƙwalwarsa a asibiti, an ba shi ranar Alhamis, 20 ga wannan wata. Mutumin da har yau zai lissafa maka yadda ya buga kowane rami a gasar da aka yi kafin a haifi ɗanmu, shi ne yake tambayata ko ya sha maganinsa alhali kofin yana hannunsa. Raina ya ɓaci, Yallaɓai, kuma ba zan ɓoye ba.

6. Ranar Talata, 28 ga Oktoba, na je tsohuwar rumfar ɗebo taki saboda tukwanen furannin ƙofar Kulob, aikin da aka bar wa mata. Na tarar da motar a kishingiɗe, robar ƙasanta a ɗage. Ban je da niyyar bincike ba, amma da na gan ta sai na kasa wucewa. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na leƙa.

Ina neman afuwa in yi wa Kwamiti bayanin abin da ya kamata a ce shi ya yi mini. Fedar birkin gida biyu ce. In ka taka ƙasanta mota ta tsaya. In ka danna samanta wani ɗan haƙori ya kama, shi ne ƙarar da ake ji, birkin ya kulle. Tsakanin fedar da sandar da ke jan birkin akwai 'yar ƙusar ƙarfe da ke haɗa su, ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma duk nauyin motar a gangare a kanta yake. Haƙorin yana nan a kame. Ina maimaitawa, a kame yake, har yau, yadda Murdo ya bar shi. Ƙusar ce babu. A cikin raminta akwai guntun tsinken katako ruwan ɗorawa, irin wanda ake kafawa a ƙasa a ɗora ƙwallo a kai, ya karye daga tsakiya.

Tsinke, Yallaɓai. Da tsinken ɗora ƙwallo aka ɗaure birkin motar da tsofaffi ke hawa a kan tudu.

Na san halin mazan Kulob ɗin nan da tsinke. Da shi kuke sakace haƙori, da shi kuke kankare laka a takalmi, da shi aka tokare sakatar ƙofar banɗakin maza tun ina amarya. Aljihun kowannenku cike yake da shi, mu muke tsintarsa a injin wanki. Ban taɓa cewa uffan ba. Amma birki ba sakatar banɗaki ba ne.

Na ɗauki hoto, ban taɓa komai ba. Na kuma sa wa rumfar kwaɗona, makullin yana cikin jakata. Na san wannan ya saɓa wa dokar Kulob, kuma a shirye nake a kira ni gaban kwamiti a kansa, in dai ba Mista Pirie ne zai shugabanci zaman ba.

7. Na nuna hoton ga Misis Senga Buchan, mai kula da mashayar Kulob. Ta dafe ƙirji ta ce ita dai ta ji wani abu amma ba ta haɗa shi da haɗarin ba. Ta ce a yammacin ranar gyaran Mista Pirie ya shigo yana goge hannu, ya nemi wiski, ya ce wa na kusa da shi: “Ƙusar banza ta faɗa cikin ciyawa, wa zai tsaya nemanta? Na laluba aljihu na cusa mata tsinke, na buga da sifana. Daram! Ku faɗa mini abin da tsinke ba ya gyarawa.” Aka kwashe da dariya. Biyu daga cikin masu dariyar suna zaune a teburin da aka yanke wa mijina hukunci, suna kaɗa kai cikin tausayi. Sunayensu suna wurina. Na ba su dama su kawo kansu kafin in kawo su. Misis Buchan ta yarda ta maimaita maganarta a gaban kowa, kuma ina gargaɗi cikin girmamawa cewa in aikinta ya sami ko ƙwarzane saboda haka, za a sami takarda ta biyu daga gare ni, wadda ta fi wannan tsawo.

8. Jiya Lahadi bayan an tashi daga coci na tare Mista Pirie a bakin ƙofa na nuna masa hoton. Fuskarsa ta yi ja, ya waiwaya ya ga ko akwai mai ji, sannan ya ce: “Haba Ishbel, ai na wucin gadi ne, na yi niyyar sayo ƙusa ranar Litinin. Abin da ya wuce ya wuce. Kuma tsakani da Allah, Murdo ya kai lokacin hutawa.” Bai musa ba, bai kuma ce a yi haƙuri ba. Amsar da na ba shi ba ta dace da takardar ofis ba, amma matar limamin coci ta ji, ana iya tambayarta.

Kuskuren tsinke zan iya kira wauta, kuma wauta ba ta kai in ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na ɗauka shi ne, ya san abin da ya cusa a birkin nan, ya ji motar ta gangara, ya zauna a kujerar shugaba, ya dubi tsabar idon abokin wasansa ya sa shi shakkar hankalinsa, domin kada jar riga ta kuɓuce masa.

9. Za a ce me ya hana ni gaya wa Murdo in huta. Na gaya masa. Na ajiye hoton a gabansa a kan teburin cin abinci. Ya duba ya daɗe, sannan ya dafa hannuna ya ce: “Kin kyauta, Ishbel, na san don ni kike yi. Amma da Fergus ya san da wannan, da ya faɗa a ɗakin nan. Ɗan golf ba ya zama ya yi shiru a ci wani tara a madadinsa.” Ya fi sauƙi a wurinsa ya yarda ƙwaƙwalwarsa ta lalace da ya yarda mamban Kulob ɗin nan zai yi abin da Mista Pirie ya yi. Wannan shi ne mutumin da kuka manna sunansa a allo. Daga bakina ba zai karɓa ba, sai daga bakin mai laifin.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina neman Kwamiti ya yi waɗannan:

(a) A kira bakanike na gaske ya duba motar a gaban shaidu, ina tsaye. Zan zo da makullin.

(b) A soke hukuncin 22 ga Satumba, a mayar wa Mista Murdo Geddes izininsa, a manna sanarwar a daidai wurin da aka manna ta farko, da haruffa masu girma ɗaya, ta kuma yi kwanakin da waccan ta yi.

(c) A sauke Mista Pirie daga shugabancin kwamitin kula da fili, a janye sunansa daga kujerar Kyaftin. Ba na so a ce ya ajiye ne saboda rashin lafiya ko hidimar iyali. A rubuta dalilin da sunansa, a rubuta kalmar tsinke.

(d) In Mista Pirie ya dage cewa gyaransa ba shi da laifi, ina ba da shawarar gwaji mai sauƙi. A sa sabon tsinke a ramin, shi ya zaɓi launin da yake so. A kai motar kan tudun rami na sha huɗu. Ya sauka ya tsaya inda Wattie ya tsaya, ya juya baya. Ni zan danna birkin da ƙafata, kuma na yi alkawari zan saurari ƙarar da kyau.

(e) Wanda ya fi duka: kafin ranar Alhamis, 20 ga wata, Mista Pirie ya tako zuwa Lamba 6, Layin Masunta, da ƙafarsa, ba wasiƙa ba, ba waya ba. Ya tsaya a gaban mijina ya ce masa: ka danna, ka ji daidai, ni ne. Ba na so Murdo ya shiga ɗakin likitan nan yana ɗauke da laifin wani a kansa.

In ranar ta wuce ban ga ɗayan waɗannan ba, ina sanar da ofishinka cewa zan halarci babban taron shekara ranar Juma'a, 28 ga wata. Ina da ƙuri'a, ina da murya, kuma na riga na sa an wanke hoton da girman da na bayan zaure zai gani. Zan miƙe a daidai lokacin da aka ɗauko jar rigar.

Na san yadda zuwan nasa zai kasance in ya zo. Murdo zai tashi da ƙyar ya ba shi kujerarsa, ya sa in ɗora shayi. Tun Mista Pirie bai kai ƙarshen maganarsa ba zai ce masa ba komai, kowa na kuskure, har ya tambaye shi ko yana da abokin wasa ranar Asabar. Zai yafe masa tas, na san mijina. Shi ya sa na rubuto muku tun yanzu, kafin yafiyar ta riga ni. Abin da Murdo zai yafe nasa ne. Makonnin da na yi ina duba murhu a bayansa nawa ne, kuma ni ban yafe ba.

Ina fatan Kwamiti zai duba wannan ƙorafi da gaggawar da ya duba na mijina. Ka karɓi girmamawata ga ofishinka.

Taku mai biyayya ga dokokin Kulob,

Ishbel Geddes (Misis)
Mamba, Ɓangaren Mata